Ciwon Suga a Illela: A Fito da Masanin Magunguna Daga Bayan Taga

Daga Illela zuwa Sakkwato tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce, ta Gwadabawa da Kware. Ga lafiyayye mai kuɗin mota a aljihu, wannan ba tafiya ba ce. Ga dattijon da ciwon suga ya fara taɓa masa ido da ƙafa, wanda sai ya sayar da akuya ko buhun gero kafin ya haɗa kuɗin mota da na awo da na magani, tafiya ce da ake yi sau biyu ko uku a shekara, in ma an yi. Idan ya isa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwararru na jiha, zai bi layi, ya ga likita na 'yan mintoci, a rubuta masa magani, ya kamo hanyar gida. Sauran kwanakin shekara kuwa, daga shi sai ƙwayoyinsa a leda, sai mai kemis na bakin kasuwa, sai shawarar maƙwabta. A cikin waɗannan kwanaki ne ciwon yake ɓarnarsa, kuma a nan ne tsarin lafiyarmu bai ajiye kowa ba.

Ra'ayina shi ne akwai ma'aikacin da ya dace da wannan gurbi, an riga an horar da shi, ana ma biyan sa albashi, amma mun kulle shi a ɗakin magani yana ƙirga ƙwayoyi yana miƙowa ta taga. Ina nufin masanin harhaɗa magunguna, musamman wanda aka koya wa aiki kai tsaye da majinyaci. A gari irin Illela, fito da shi daga bayan tagar nan ya fi araha, kuma zai fi saurin nuna amfani, a kan jiran ranar da za a samu ƙwararren likitan suga a kowace ƙaramar hukuma.

Kada wani ya ce ciwon suga na masu kuɗi ne ko na 'yan birni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke ɗauke da shi a Najeriya, sannan a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. A nan gida, binciken da Farfesa Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi a jihar Sakkwato ya gano abin da ya kamata mu riƙe: a cikin Fulanin da ke zaune a birni, kashi 4.6 cikin 100 na da ciwon, alhali a cikin Fulanin karkara bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Jini ɗaya, asali ɗaya, zama ne kawai ya bambanta. Illela kuwa kullum ƙara zama birni take yi. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, ɗan kasuwa yana wuni zaune a rumfa, shayi mai kauri da lemon kwalba sun shiga abincin yau da kullum.

Ciwon suga ya sha bamban da zazzaɓin cizon sauro da ake sha wa magani kwana uku a manta. Abokin zama ne na har abada, kuma sau da yawa yana tafe da hawan jini. Mutum ɗaya sai ka same shi da magani iri huɗu ko biyar, wani kafin abinci, wani tare da abinci, wani da dare. Rubuta wa irin wannan majinyaci magani a sallame shi babu bibiya daidai yake da a zuba iri a gona a tafi, babu noma babu cira, sai kaka a dawo neman amfani. Abin da ake girba sananne ne: gyambon da ke kaiwa ga yanke ƙafa, makanta, shanyewar ɓarin jiki, da wankin ƙoda da ke cinye dukiyar gida kafin ya cinye mai ita.

Aikin masanin magunguna na asibiti ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta. Zai zaunar da majinyaci, ya sa a juye ledar magani a kan tebur, ya ɗauki kowane kwali ya ce, "Baba, gwada mani yadda kaka shan wanga." Daga nan ake jin gaskiya. A nan zai gane cewa Baba ya daina shan metfomin ne saboda yana murɗa masa ciki, alhali da an ce masa ya riƙa sha a tsakiyar abinci, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, da ya jure. A nan zai gane cewa Inna tana shan gilibenkilamid da sassafe ta wuce gona ko kasuwa ba ta karya ba, shi ya sa hantsi na yi take jiƙewa da gumi, jikinta na rawa, maganarta na sarƙewa, 'yan gida na cewa iska ce ta taɓa ta. Suga ne ya faɗi, kuma cokali uku na sukari a ruwa ko 'yan ƙwayoyin dabino sun isa su dawo da ita, muddin tana iya haɗiya. Zai duba sakamakon awon ƙoda ya ga ko maganin da ake sha ya dace da ita. Zai rubuta abin da ya gani, ya tura wa likita da shawararsa, ya sa ranar dawowa. Likitan da ke ganin mutum sittin ko tamanin a rana ba shi da wannan lokacin, ko da yana so.

Zama a kan iyaka yana ƙara wa Illela wasu matsalolin da mutumin Sakkwato ko Kano bai san su ba. Mutanen Illela da na Birnin Ƙonni da ke Nijar 'yan uwa ne, ana aure, ana ciniki, ana jinya a ɓangarorin biyu. Amma asibitocin ƙasashen biyu ba lissafi ɗaya suke yi ba. Awon sugan da ke nuna an kamu da ciwon, idan an yi shi kafin karin kumallo, a yawancin asibitocin Najeriya za a rubuta 7.0, wato milimol a lita. Ƙaramar na'urar awo ta gida tana iya nuna 126, wato miligiram a desilita. A Nijar, bisa tsarin Faransa, za a rubuta 1,26, wato giram a lita. Duk abu ɗaya ne. Ka ƙaddara mutumin da ya saba jin an ce sugansa ya kai 12, sai ya yi awo a Ƙonni ya ga an rubuta 2,2. Zai dawo gida yana murna ya warke, ya ajiye magani, alhali ko kaɗan sugan bai sauka ba. Haka sunayen magunguna. Glucophage da aka saya a can da metfomin da aka saya a nan magani ɗaya ne. Daonil da gilibenkilamid ma haka. Wanda ya haɗa na can da na nan yana sha, yana ganin ya ƙara ƙarfin magani, ninka wa kansa yake yi, kuma a kan gilibenkilamid wannan ninkawa tana iya kai tsoho ga suma, ko abin da ya fi suma muni. Babu wanda aka koya wa kama irin wannan kuskure kamar masanin magunguna.

Iyakar kuma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A wannan shekarar ta 2023 aka saki darajar Naira, kamfanin GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa daga Najeriya, Sanofi mai yin Daonil da insulin na Lantus shi ma ya sanar da miƙa rarraba kayansa ga wani kamfani. Farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Talaka bai daina rashin lafiya ba, dabara ya shiga yi: ya raba ƙwaya biyu, ya sha yau ya tsallake gobe, ko ya koma wa mai tallan magani a tire. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma garuruwan kan iyaka su ne mashigarsu. Masanin magunguna ne zai iya cewa, ga wani mai rajistar NAFDAC, sinadarinsu ɗaya da wanda aka rubuta maka, kuɗinsa bai kai rabi ba. Wannan magana ɗaya tana iya hana mutum yanke magani.

Akwai kuma abubuwan da majinyaci ba ya faɗa wa likita, ko don kunya ko don bai ɗauke su magani ba. Mata da 'yan mata da yawa suna shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai deksametason a cikinsu. Shi da danginsa, irin waɗanda ake bai wa masu ciwon gaɓoɓi a cikin haɗin kemis, suna tayar da suga, suna iya fito da ciwon ga wanda yake daf da kamuwa. Magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak, waɗanda 'yan dako da manoma ke sha kullum, suna ƙara wa ƙodar mai suga nauyi. Ga kuma shuwaka da garafuni da hulba da zogale da jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka. Zagin maganin gargajiya ba ya hana kowa sha, sai dai ya sa a ɓoye. Abin da ke aiki shi ne a tambaya cikin girmamawa, a auna suga, a nuna wa mutum lambar da idonsa, a roƙe shi kada ya ajiye na asibiti. Haka batun abinci: an cusa wa mutane cewa tuwon alkama da acca da zuma ba sa tayar da suga, sai ka ga mutum ya cika kwano da su hankalinsa kwance. Yawan abin da aka ci shi ne magana, kuma wannan bayani ne da ke buƙatar zama, ba tsayuwa a taga ba.

Insulin shi ne ya fi kowane magani buƙatar malami. Tun da aka gano shi a Toronto a 1921 yake ceton rayuka, amma ba ya son zafi, kuma ƙanƙara tana lalata shi. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. A ƙasar Sakkwato kuwa zafin bazara yana haura digiri 40, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Wannan ne ke sa wasu ma'aikatan lafiya jin tsoron ɗora ɗan ƙauye a kan allura ko da ita ce mafitarsa. Amma akwai dabara. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun wallafa binciken da ya nuna cewa insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Mu da zafinmu ya wuce haka, muna da tukunyar ƙasa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, kuma irin wannan sanyaya tana aiki sosai a busasshen yanayi irin namu. Wani ne zai koya wa majinyaci ya ajiye kwalbar a ciki ba tare da ta jiƙe ba, ya daina binne ta cikin ƙanƙara, ya riƙa sauya wurin allura. Wani ne kuma zai duba sirinjin, domin akwai insulin mai ƙarfin 40 da mai ƙarfin 100 a kowane mililita, kuma wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin mai ƙarfin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka ce.

Sai azumi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Musulmi 13, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na masu ciwon suga nau'i na biyu suna azumtar aƙalla kwana 15 na Ramadan, kuma mummunar faɗuwar suga tana ninkawa fiye da sau bakwai a cikin watan. Mutanenmu za su yi azumi, ko an hana su. Don haka ƙa'idojin da masana suka fitar a 2016, suka sabunta a 2021, suka ce a zauna da majinyaci mako shida zuwa takwas kafin watan, a tantance wanda azumi ke da haɗari gare shi, a sauya lokutan magani tsakanin sahur da buɗa-baki, a kuma gaya masa ya karya idan awo ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, malamanmu sun sani. Abin da ya rage shi ne a samu mai haɗa fatawar malam da lissafin magani tun cikin Rajab da Sha'aban.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A garin Ashbil na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, hukumar birni ta fara biyan masana magunguna don su riƙa zama da ma'aikatanta masu ciwon suga a kai a kai. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna sugan majinyatan ya fi daidaita, kuɗin sayen magani ya ƙaru saboda yanzu ana sha, amma jimillar kuɗin jinya ta ragu saboda kwanciya asibiti ta ragu. A Ingila tun 2006 aka bai wa masana magunguna masu ƙarin horo izinin rubuta magani da kansu. A Najeriya ma Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince a 2016 da digirin shekara shida da ya fi karkata ga kula da majinyaci, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar harhaɗa magunguna. Ke nan ilmin yana nan a Sakkwato, hanyar Illela ce bai biyo ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce masana magungunan ba su da yawa, kuma 'yan kaɗan da ake da su sun taru a manyan birane ko sun fice ƙasashen waje. Gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a ɓata ɗan wanda ake da shi wajen ƙirga ƙwaya ba, aikin da mataimakinsa zai iya. Za a kuma ce wannan shiga hurumin likita ne. Taƙaddamar ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU a kan muƙamai ta daɗe, har ta kai ga batun bai wa masana magunguna matsayin kwansaltan. Amma dattijon Kalmalo ko Araba ba ruwansa da wane ne babba. Likita ne zai gano ciwo ya tsara magani, masanin magunguna ya tabbatar an sha daidai kuma yana aiki, nas ta duba ƙafa ta wanke gyambo. A rubuta iyakar kowa a takarda, a wuce wurin.

Abin da nake roƙon Gwamna Ahmed Aliyu da Ma'aikatar Lafiya ta jiha bai fi ƙarfinsu ba. A tabbatar babban asibitin Illela, da takwarorinsa na Gada da Tangaza da sauran ƙananan hukumomin kan iyaka, kowanne yana da masanin magunguna mai zama a garin, da alawus ɗin da zai riƙe shi, da ɗaki mai kujera biyu da na'urar awon suga da ta hawan jini. A ware ranar masu ciwon suga, kuma a yi la'akari da cewa Lahadi ce ranar kasuwar Illela: ranar da mutanen ƙauyuka da na Nijar ke cika gari ita ce ranar da ma'aikacin gwamnati yake hutu. A buga katin majinyaci mai ɗauke da lissafin awo iri ukun nan a jere, da sunan sinadarin kowane magani, da lokutan sha a boko da ajami, a ɗaure su da lokutan salla da kowa ya sani. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ta sa wannan zama cikin ayyukan da take biya, domin aikin da ba a biya ba ya daɗewa. Tsangayar jami'a ta riƙa turo ɗaliban ajin ƙarshe su yi wani ɓangare na horonsu a nan, ƙarƙashin kulawa.

Masu kemis kuma kada a mai da su abokan gaba. Lasisinsu bai ba su izinin sayar da magungunan da sai da takardar likita ba, kuma dokar 2022 ta ƙara wa hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna, PCN, ƙarfin sa ido a kansu. Amma a ƙauyuka da yawa su ne ƙofar farko, wani lokaci su ne ta ƙarshe. Rufe shago kaɗai ba ya warkar da kowa. A tara su, a koya masu alamomin ciwon, wato yawan fitsari da ƙishirwa da rama da gyambon da ya ƙi warkewa, a ba su lambar wayar masanin magunguna na asibiti, a ja masu kunne a kan haɗin da ke ɗauke da deksametason.

Kai kuma mai karatu, idan kana da ciwon suga ko kana jinyar mai shi, kada ka jira gwamnati. Ranar da za ka koma asibiti, tattara duk abin da ake sha, na Najeriya da na Nijar, na kemis da na gargajiya, ka zuba a leda ɗaya. Idan an miƙo maka magani ta taga, kada ka juya. Ka nemi ganin masanin magunguna, ka tambaye shi sunan kowane magani, da amfaninsa, da lokacin shan sa, da abin da za ka yi idan suga ya faɗi. Haƙƙinka ne, kuma aikinsa ne ya amsa maka.